Rimi a Cikin Barmil

Shekara talatin da ɗaya muka yi tare ban kira sunansa ba, kuma ba zan fara yanzu da ba ya nan ba. Malam nake ce masa. Shi kuwa in yana cikin raha sai ya ce mini 'yar Makka, domin a nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, kuma har yau ban taɓa ganin kogi da idona ba. Na ga teku a Jidda. Na ga sel, wato ruwan da ke gangarowa daga duwatsu in an yi sama mai ƙarfi, ya share titi, ya ɗauki mota, kafin la'asar a neme shi a rasa. Amma ruwan da zai kwana yana tafiya, ya wayi gari yana tafiya, wata da watanni, wannan a bakin Malam kawai na san shi.

Shi ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, a bakin kogi. Ya zo yana saurayi, ya kama tuƙin wayit, babbar motar nan da ke kai wa gidaje ruwa, ita ya tuƙa har ƙarfinsa ya fara ja. Yakan ce shi kam ruwa ne rabonsa, an haife shi a gefensa, ya tsufa yana goye da shi.

In aka ce ya ba da labarin garinsu ba ya farawa da mutane. Da itatuwa yake farawa, kuma a jere, daga bakin ruwa zuwa tudu. Giyayya ce ta farko, ita ce in kogi ya cika take tsayawa cikin ruwa har ƙugu, wata biyu, ba ta damu ba. Bayanta ɓaure da kanya, masu son danshi a ƙafa amma ba sa son a nutsar da su. Can a kan gaɓa, daidai mashigin da mata ke ƙetarewa ranar kasuwa, sai rimi.

"Kowa da iyakarsa," in ji shi, "kuma ba wanda ya zana musu. Kogi ne ya raba musu wuri."

Rimin mashigin nan na san shi kamar na zauna a gindinsa. Na san gindin lungu-lungu ne, awaki na fakewa a ciki. Na san shamuwa na yin sheƙa a kansa, na san in ya yi fure jemagu kan zo da magariba su rufe shi. Da bazara kuma 'ya'yansa su fashe, audugar ta tashi ta cika sama, ta sauka a kan ruwa, a kan kallabin mata, har cikin ƙwaryar mai fura. Kowane ɗan gashin auduga da ƙwayar iri a cikinsa, amma yawancinsu a banza suke tafiya. Wanda ya faɗa cikin ciyawa ba ya yi. Wanda ya faɗa kan busasshen yashi ba ya yi. Sai wanda ya dace da sabuwar lakar da ambaliya ta shimfiɗa, fili fetal, ba ciyawa ba inuwa. Ya ce tun da aka tare kogin daga sama da madatsa, ruwa ya daina hawa inda yake hawa a da, sabuwar laka ta yi wuya. Tsofaffin itatuwan suna nan tsaye, amma babu yara a ƙarƙashinsu. Ba da fushi yake faɗin wannan ba. Kamar mai ba da labarin ɗan'uwan da ya daɗe a kwance yake faɗinsa.

Wata Juma'a, kwana biyu bayan an yi sel, ya ɗauke ni da 'yarmu, ita kaɗai Allah ya ba mu, ya kai mu wani kwari a hanyar Ɗa'if. Ni dai duwatsu na gani da yashi. Shi kuwa ya fita daga mota kamar wanda ya iso gidan biki. Itacen da muka taso muna ce wa sidir, ya dafa shi ya ce, "Kurna ce wannan, ke ma hajji kika zo?" Ga tumfafiya nan birjik, ya gaishe ta ita ma. Ya nuna mana karmami da leda da suka maƙale a jikin wata ƙaya daidai ƙirjinsa, ya ce nan ruwa ya kai shekaranjiya. Sannan ya durƙusa ya tona yashi da hannu har gwiwar hannu, ya ce in taɓa. Akwai sanyi, akwai danshi.

"Kin ji? Kogi ba ya mutuwa da rani. Ƙasa yake komawa."

A ranar ya cika buhu biyu da lallausar lakar da sel ya bari, ya kai su sutuhu, wato rufin benen da muke haya a unguwar Shisha. Na ce masa, "Malam, mutane na kawo tsaraba daga yawo, kai ka kawo taɓo?" Ya ce ajiya maganin wata rana. Shekara biyu buhunan nan suna jingine a bayan tankin ruwa, duk sanda na tuna sai na yi masa gorinsu.

Sai ƙanwarsa ta zo aikin hajji. An sauke su a unguwar Aziziyya, muka je muka same ta a wani ɗaki na mata shida. Ban taɓa ganinta ba sai a waya, amma tana ɗaga ido ta ce, "Au, matarmu, haka kika ramar mana da Yaya? Da me kike ciyar da shi, da ful da tamis, waken nan da gurasarku, kullum?"

Na ce, "Ku da kuka aiko mana shi kamar sillen kara, yanzu kin samu bakin magana."

Matan ɗakin suka kwashe da dariya, ita ma ta yi har da hawaye, ta rungume ni. Ta kawo mana kuka da daddawa da yaji. Daga ƙasan jakar kuma ta zaro matashin kai, ɗan ƙarami, an ɗinke shi da atamfa. Ta ce da hannunta ta tsinci audugar a gindin rimin mashigi.

Kwana uku yana kwana a kansa. A safiyar na huɗu ya ce ƙanwar nan tasa har yanzu ba ta bar ganda ba, ko irin ba ta tsince ba, wani abu na ta tokarar masa kunne. Yana cikin faɗa sai ya laluba matashin. Ya tashi ya ɗauko reza, ya farke ɗinkin gefe guda, ya zauna a tabarma yana bin audugar da yatsa. Ƙwayoyi tara ya samu, baƙaƙe, kamar masoro. Ya jera su a tafin hannunsa ya miƙo mini in gani. Ni na ɗinke matashin.

Uku suka tsiro, ɗaya ya rayu. Ya samo barmil na roba, shuɗi, irin duron nan mai tsawon ƙugu, ya yanke kansa, ya zuba tsakuwa a ƙasa, ya juye lakar nan ta shekara biyu, ya jingina shi da bango a bayan tanki inda inuwa ke zuwa bayan azahar. Ruwa kuwa bai taɓa na tanki ba, kada maƙwabta su yi magana. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, shi ya bi da siririn tiyo zuwa cikin jarkoki. Da zafin Makka, mukayyif biyu kan cika jarka kafin a ankara.

Abin da ban taɓa gani wurin kowa ba shi ne yadda yake ba shi ruwan. Ba ya duba itacen, ba ya duba sama. Waya yake jira. In kogi ya kawo a garinsu, ƙanwarsa za ta kira, ina daga kicin zan ji muryarta ta cika falo: "Yaya, ya kawo! Ya rufe gindin giyayya!" Sai ya miƙe, ya naɗe ƙafar wando, ya leƙo.

"'Yar Makka, taso. Damina ta sauka a sutuhu."

Hawa biyar ne, gwiwoyina kuma tun lokacin ba su da daɗi, don haka ba kasafai nake hawa ba sai irin wannan rana. Zai yi ta zubawa har ruwa ya kwanta a kan ƙasar, ya tsaya yana kallo, ya ƙara.

"Malam, mutum da furfurarsa yana wasan ruwa."

"Ke dai riƙe jarka."

"To in ya girma fa? Kai ka ce ya fi wannan benen tsawo."

"In ya girma sai mu tashi mu bar masa gidan."

Ya kuwa yi saurin girma. Jikinsa kore shar, da 'yan ƙayoyi gajeru masu kauri, ganyensa kamar tafin hannu a buɗe. Malam kan ƙirga yatsun ganyen, wani biyar, wani bakwai. Da sanyi ya shigo a wannan shekarar, 'yarmu ta haihu a Jidda inda take aure, na tafi na yi kusan wata uku a wurinta. Da na dawo ban hau sutuhu ba sai da aka sake kira cewa kogi ya kawo. Na tarar da itacen ya kai kafaɗata, lulluɓe da ganye. Na ɗauka haka yake tun da na bar shi.

A ƙarshen daminarsa ta biyu, wata safiya Malam ya sauko daga sutuhu ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kwana uku ya yi a asibiti. Bai bar wata magana a kan rimin ba, domin mu duka mun ɗauka ranar Alhamis za a sallame shi. Aka yi masa salla a Harami bayan azahar, maza suka kai shi. A nan mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma ko da zan je, ba suna ba alama, ɗan dutse ne irin na kowa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na shiga takaba. Kwana bakwai gidan cike da mutane, a na takwas ya zama ni kaɗai da ƙarar mukayyif. Da hantsi na sa mayafi na hau, ina hutawa a kowane hawa. Jarkoki sun cika har sun yi ambaliya. Saman ƙasar barmil ya bushe ya tsattsage, wasu ganyaye na ƙasa sun fara rawaya. Na ce a raina, kai ma an bar ka. Na ɗaga jarka na zuba.

Sai na ji ruwa na tsiyaya. Na leƙa tsakanin barmil da bango, na ga huji kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, ruwa na fita ta nan yana bin bango. Na ɗauka rana ce ta cinye robar, ko ɓera. Na sauka na ɗauko tsohon gyalen da yake ɗaurawa a kai in yana tuƙi, na yage gefensa, na sake hawowa, na cusa a hujin da tsinke har ya daina ɗiga. Ban duba ƙasa da nan ba, wurin matsattse ne, durƙuso kuma ya fi ƙarfina. Na cika barmil har ruwa ya kwanta a kai kamar yadda na ga yana yi. Wannan ne karo na farko tun rasuwarsa da na ji na yi wani abu mai amfani.

Daga ranar kullum sai na hau. Jarka biyu kowace safiya. Ba ni da inda zan je, ba ni da wanda zan dafa wa abinci, sai shi. Ganye ya ci gaba da rawaya, ya fara zuba. Na ce bai ƙoshi ba, na mai da shi jarka uku.

'Yata takan zo duk ƙarshen mako da jaririnta. Hausarta ta gida ce kawai, in ranta ya ɓaci Larabci ke fitowa. Ta same ni a hawa na uku ina zaune ina haki, ta ce, "Ummi, kalas! Haram alaiki, gwiwarki fa? Itace ne. Gobe in je mashtal in sayo miki wani, wanda ma yake fure."

Na ce, "Babu irinsa a wurin masu sayar da shuka."

Ta karɓi mayafina da ya zame ta gyara mini, muka ƙarasa hawan tare. Da ta ga yadda ya koma sai ta juya baya tana gyaran hanci. Washegari kafin ta tafi na ga ta hau ita kaɗai da gorar zamzam a hannu. Ita ma abin da ta sani ke nan, a ƙara masa.

Wajen wata biyu da rasuwar, ganye na ƙarshe ya faɗi. Na tsince shi na sa a cikin rigar matashin nan. Ruwan barmil ya daina shiga ƙasa, ya tsaya a kai ya yi kore, sauro na tashi daga ciki, yana wani wari kamar na kwata. Duk da haka na zuba. Ban san wani abin yi ba.

Na san akwai wadda zan tambaya, amma tun wayar gaisuwar mutuwa, wadda ba abin da muka yi a cikinta sai kuka, ban sake kiran ƙanwarsa ba. Da wane baki zan ce mata abin da ta ɗauko tun daga mashigi, abin da yayanta ya raina shekara biyu, ya mutu a hannuna cikin wata biyu?

Ita ta kira, wata Talata da hantsi.

"Matarmu, shiru haka? Ko kin sake mu ne tun takaba ba ta ƙare ba?"

Na yi dariya ban shirya ba, rabona da ita har na manta. Muka gaisa, ta tambayi jariri, ta tambayi gwiwa. Sannan ta ce, "Ya ɗan Yaya na sama?"

Na ce, "Ya mutu, Goggo." Haka nake kiranta, da bakin 'yata.

"Ya mutu kamar yaya?"

"Ganyensa duk ya zube. Ba irin ruwan da ban ba shi ba."

Ta ce, "Ruwa? Yanzu? Hau ki nuna mini."

Na hau da wayar a hannu, tana ta yi mini sannu a kowane hawa. Na buɗe hoton na juya mata shi. Ta kawo fuskarta kusa har ba na ganin komai sai idonta da goshinta.

"Inna lillahi! Matarmu, kifi kike kiwo? Wannan ai tafki ne."

"Haka na ga yana yi."

"Haka kika ga yana yi da damina. Yau wata nawa rabonmu da ruwan sama? Kai wayar bayan duron, ta wajen bango."

Na zura hannu. Ta ce in tsaya. Ta ce, "Wannan tsumman fa, wa ya cusa shi?"

"Ni. Yoyo yake yi."

Ba ta yi mini tsiya ba a wannan karon. Na ji ta ja numfashi, na ji kaza na kuka a bayanta. Da ta yi magana muryarta ta sauka.

Ta ce huji uku ne, ba ɗaya ba. Shi ya huda su da kansa, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gindi, kowanne da matoshinsa na itace. Da damina duka a toshe suke. In kogi ya fara ja sai ta gaya masa, ya cire na sama. In ya sauka daga gindin kanya, ya cire na tsakiya. In yashi ya fito har yara na ƙetarewa da ƙafa, ya cire na ƙasa, ya ɗauke hannu. Ta ce haka kogi ke yi wa ɗan itace, ya jiƙa shi, sannan ya riƙa janyewa kaɗan kaɗan, saiwa na binsa ƙasa. Wanda ruwa ya gudu ya bari farat ɗaya, ƙishi ya kashe shi. Wanda ruwa ya zauna masa a kai bai tafi ba, saiwarsa ta ruɓe.

"Kwana biyu kafin ya kwanta na ce masa kogi ya fara ja," in ji ta. "Ya ce to, bari ya hau ya buɗe na sama. Da ya sauka daga gindin kanya na ɗauki waya in ce ya buɗe na tsakiya. Har na danna, sai na tuna."

Na zauna a kan jarka. Ashe buɗe hujin nan shi ne aikin ƙarshe da hannunsa ya yi a gidan nan, ni kuma na zo na toshe shi da gyalensa. Shekara biyu ina ganin ranakun da yake zubawa, domin ranakun nan da kira da dariya suke zuwa. Ranakun da yake hanawa ban gan su ba. Ba a kiran mutum ya zo ya ga an hana.

"Ke, kada ki yi mini kuka a waya, kuɗinta nake biya," in ji ta. "Zubar ganye ba mutuwa ba ce. Namu na mashigi ma tsirara yake yanzu, ko ganye ɗaya babu, haka yake yi duk shekara. Ruwan nan ne abin tsoro. Kina da farce? Kankare jikinsa daga sama."

Na kankare kusa da kai. Launinsa ruwan ƙasa, a bushe.

"Sauko."

Na kankare tsakiya. Ruwan ƙasa, da laushi, har ya manne mini a farce.

"Sauko dai."

Kamar taƙi biyu daga ƙasa na sa farce. Na kai wayar kusa.

"Kore ne ko idona ne?"

"Kore ne, Goggo."

"To yana nan. Lokacin bi a hankali ya wuce, cire su duka."

Na durƙusa, gwiwar da ta ƙi durƙuso wata da watanni ta yi a ranar. Na zare tsumman. Na laluba na samu matoshin tsakiya, ɗan itace an naɗe shi da robar taya, na murɗa ya fita. Na ƙasa sai da na sa ƙarfi. Baƙin ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙa mini zane, ya bi sutuhu ya nufi magudana, warinsa ya sa ni tari. Tana daga can tana cewa madalla, madalla, kamar ungozoma.

Ta sa na yanke shi da wuƙa daga inda ya mutu, na shafa toka a kan yankan. Akwai wani guntun bututu da ke tsaye a gefen ƙasar, wanda na ɗauka don tokare itacen aka kafa shi. Ta ce har gindin barmil ya kai. Da rani ta nan yake ba shi, buta ɗaya, ranar Juma'a kawai, don ƙasa ta yi danshi sama ta zauna a bushe. Sai na tuna hannunsa a cikin yashin kwarin nan.

"Amma ba yanzu ba. Wata guda kada ki ba shi ko cokali. Bayan nan buta ɗaya, ta bututu. Buta na ce, matarmu, ba jarka ba, na san hannunki."

"Har yaushe?"

"Har in kira ki."

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan ba. In hau hawa biyar, in tarar da jarkoki cike, in ga ƙasa ta bushe ta tsage har yatsa na shiga, ga ɗan kututture tsaye kamar taɓarya, in juya in sauko. Ruwan na riƙa ba mai gadin gidan yana wanke matakala. Wata rana iska mai zafi ta taso, na ɗaga jarka har na kai ta bakin barmil. Na ajiye, na zauna a kanta, na yi ta salati har abin ya wuce.

Takaba ta ƙare. Na fita, na je Harami, na yi masa ɗawafi. Azumi ya zo ya wuce. Kowace Juma'a kafin a kira salla nakan hau da butarsa ta alwala, in tsiyaya a bututu, in ji ruwan na sauka can ƙasa inda ba na gani. Sau biyu na sake kankare shi don in tabbata, sai da Goggo ta ce in na ƙara za ta zo ta yanke mini farce, in bar bawan Allah ya yi barcinsa.

Motocin alhazai sun fara cika Aziziyya lokacin da na ga wani ɗan tsiro a ƙasan yankan, ja-ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bayan kwana uku suka zama biyu. Na aika mata hoto. Ta aiko da murya: "Na gani. Kada ki kuskura. Hadari dai yake yi mana, bai sauko ba." Na bar shi da butarsa. Ganyen farko ya buɗe, ƙanƙane, yatsu uku kawai.

Na san barmil ba wurin rimi ba ne. Malam ma ya sani. Mijin 'yata ya ce akwai wani abokinsa mai gona a wani kwari bayan gari, in ya yi ƙarfi za a iya kai shi can. Na ce a bari tukuna, mu ga wannan shekarar.

Ranar wata Asabar da safe, 'yata na gida, waya ta yi ƙara. Na ɗauka na yi sallama, ba a amsa ba. Wani sauti ne kawai, mai kauri, ba ya yankewa, kamar manyan motoci na wucewa daga nesa. Na ce, "Goggo? Goggo, kina ji na?"

"Yi shiru ki saurara," in ji ta. "Tsaye nake a mashigi."

Na yi shiru. Shekara talatin da ɗaya ana ba ni labarinsa, ban taɓa jin muryarsa ba sai ranar.

"Ya kawo, matarmu. Ya rufe gindin giyayya. Toshe su duka ukun."

Biyu suna wurina. Na ukun, na sama, sai da muka nema, 'yata ta hango shi rataye da zare a kan ƙusa a bayan tanki, inda ya ajiye shi da hannunsa. Na mayar da kowanne wurinsa, na murɗa har ya kama. 'Yata ta ce ita za ta ɗaga jarkar, ni in tallafi bakinta kada ruwan ya doki ganyen. Ƙasar ta sha jarka ta farko kamar ba a zuba komai ba, tana ƙara tana fitar da kumfa. Ta biyu ma haka. A ta huɗu ruwa ya kwanta a kai.

Goggo na nan a waya ba ta kashe ba. Ta ce, "Ya isa haka. In ya ƙara cika zan gaya miki. Nan da wata huɗu ko biyar kuma zan kira ki ki buɗe na sama, kada ki sa in yi ta nemanki."

Na ce mata ina nan.